Shawara ga masu zuwa gwajin shiga wasan kwaikwayo

Jama'a, duk wanda zai je gwaji wurin ƙaramar ƙungiyar teyatur a nan Maraɗi, kada ya dogara da hadda kaɗai, domin sau da yawa shugaban wasa labari zai ba ka a taƙaice, ya ce kai ne mai bin bashi, ga wanda ya ci kuɗinka, ku fara. Saboda haka ka saurari abokin wasanka, ka bar shi ya dire maganarsa kafin ka mayar. Masu katse mutane, a ganina, su ake fara sallama. Ka ɗaga murya yadda na bayan fili zai ji ba tare da lasifika ba, kuma kada ka juya wa ƴan kallo baya. Idan matsayin dogari aka ba ka, ka karɓa, sannan ka faɗi ranakun da za ka samu zuwa atisaye.