Kafin ka sayi gem, duba ko zai tashi ba data

To 'yan uwa masu buga gem a kwamfuta ko PS, musamman mu da sabis yake mana zuwa da tafiya kamar wutar NEPA, akwai abin da ya kamata ku dinga dubawa kafin ku cire kuɗi. Wani gem ɗin ko kai kaɗai kake bugawa, ba da kowa kake karawa ba, sai ya kafe shi dai sai ya ga intanet zai buɗe. Kamfanonin cewa suke maganin masu kwafa ne ba biya, amma sau da yawa mai kwafar yana can yana shan wasansa, kai da ka saya da guminka kana zaune kana kallon wani ɗan zobe yana ta juyi a allo.

Kuma ba yau aka fara ba. A 2012 da Diablo III ya fito mutane sun kwana suna ganin Error 37 saboda sabar ta cika, a 2013 SimCity ma haka, sai da shekara ta zagayo aka ba shi damar tashi ba intanet. Na The Crew ya fi ciwo, Ubisoft ta kashe sabarsa ƙarshen Maris 2024, wanda ke da faifan a hannu ma shi ke nan ya zama abin ado.

Idan a Steam, shagon sayar da gem ɗin kwamfuta a intanet, za ka saya, gangara gefen dama na shafin gem ɗin, akwai wani ɗan akwati ruwan ɗorawa, nan suke rubuta ko akwai Denuvo, wani makullin hana kwafar gem, ko sai ka buɗe wani akawun na daban. Shi Denuvo ba wai kullum yake neman data ba, a buɗewar farko yake tantance ka, daga nan kuma jefi-jefi, ko in an yi ofdet ko ka canza wani abu a cikin kwamfutar, kuma inji biyar kawai yake yarda da su a awa 24. In kana son bayani dalla-dalla rubuta sunan gem ɗin a shafin PCGamingWiki. Mai sayen faifai ya juya bayan kwalin ya karanta ƙananan rubutun nan da ba wanda yake karantawa, ko ya leƙa DoesItPlay, su aikinsu ke nan gwada faifai ba intanet.

Sai kuma shiri, kuma dole sai lokacin da sabis yake nan, ba sai ya ɗauke ka fara salati ba. A Steam ka bar ofdet ya gama, ka buɗe kowane gem ko sau ɗaya ne, sannan ka danna Steam a sama ka zaɓi Go Offline. A PS5 shiga Settings, Users and Accounts, Other, ka kunna Console Sharing and Offline Play. PS4 kuma Activate as Your Primary PS4 ne a ƙarƙashin Account Management, Xbox nasu My home Xbox. Wannan shi ne mai da injinka primary, wato wanda gem ɗin akawun ɗin za su buɗe a kansa ko ba intanet.

Nan ne fa ake cin mutane. Na taɓa sayen akawun mai araha a wani shago, mai shagon ya loda min gem har huɗu ina ta godiya, ashe wani injin ne primary ba nawa ba, ranar da data ta ƙare sai ga ɗan kwaɗo a jikin kowane gem, wallahi kamar in yi kuka. Don haka ka tambaya tun a gabansa, primary ne ko secondary, ya kashe Wi-Fi ya buɗe maka ka gani da idonka.

Ni dai in gem yana GOG can nake saye. Shagon gem ɗin kwamfuta ne a intanet da kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ya kafa, ba su sa irin wannan makullin, ka sauke fayil ɗin girkawa ka zuba a hadis ɗinka ka adana.

In kuma ka riga ka saya a Steam, yau ɗin nan ka cire intanet ka gwada shi. Ya ƙi tashi, nemi kuɗinka, suna mayarwa matuƙar ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka buga ya kai awa 2 ba.