Kafin a sa ranar auren zumunci, ku fara da waɗannan

Ni 'yar auren zumunci ce. Mahaifina 'yar baffansa ya aura, kuma cikin mu bakwai da aka haifa, biyu sun zo da amosanin jini. Ƙanena ya rasu yana da shekara 9. Yanzu ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Kano, kuma sau da yawa sai an kai lefe sannan nake ganin ɗan wa da 'yar ƙani sun zo neman sakamako. Wannan lattin shi ya fi ci mini rai.

Kowannenmu yana ɗauke da wasu ƙwayoyin gado masu lahani da suke kwance shiru, ba sa tashi sai yaro ya gaji iri ɗaya daga uwa da uba. 'Ya'yan wa da ƙani kuwa kakanninsu ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu tushensu guda, don haka haɗuwar ta fi sauƙi. Binciken da aka yi a garin Bradford na Ingila, wanda ya fito a 2013, ya nuna cewa haihuwar yaro da nakasa tana kusan 3 cikin 100 a auren bare, amma kusan 6 cikin 100 a auren irin waɗannan 'yan'uwa. Yawancin yaran lafiya lau suke zuwa, sai dai haɗarin ya ninka, kuma yana ƙaruwa a gidan da aka daɗe ana tuwona maina tun kaka da kakanni.

Ku fara da gwaji, tun magana tana tsakanin iyaye mata, kafin a kai kuɗin gaisuwa. Ku ce gwajin jinotayif kuke so. Mutane da yawa suna kawo mini takarda mai O ko B suna cewa sun yi, alhali wannan rukunin jini ne, wani abu daban. Abin da kuke nema shi ne AA, AS, SS, AC ko SC: mai SS ko SC shi ne mai amosanin jini, wato sikila, mai AS ko AC yana ɗauke da ƙwayar gadon ne kawai, mai AA kuwa ba ya ɗauke da ita. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce ya dakata, domin jinin da aka sa masa yana iya rikita sakamakon. Ni dai ina ba da shawarar a maimaita a wani wurin na daban, kuma ku je tare, kowa ya ga takardar ɗan'uwansa da idonsa. A Kano tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, amma kada ku bari sai ana gobe ɗaurin aure.

Idan ku biyun AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Kowane ciki na ce. Lissafin ba ya tuna cewa na fari ya zo da cutar balle ya ɗaga wa na biyu ƙafa. A gidanmu a jere suka zo. Haka AS da AC suna iya haifar SC. Idan ɗayanku AA ne, ba za ku haifi mai SS ko SC ba.

Sai dai jinotayif sikila kawai yake gani. Sauran sai ku zauna da tsohuwar gidan, kaka ko goggo, ku tambaye ta a natse: an taɓa haifar kurma ko zabiya a dangin nan? Akwai wadda ta yi ta wabi, ko yaran da suka kasa zama da tafiya ba a san dalili ba? Ku rubuta, ku kai wa likitan yara kafin a tsayar da magana.

Idan sakamako bai yi daɗi ba, kada a bar yarinya ita kaɗai da nauyin faɗa. A samu kawu ko malamin da ake jin maganarsa ya tafi da takardar wurin waliyyai.

Waɗanda kuma aure ya riga ya ɗauru, ku kai kowane jariri gwaji tun yana ɗan watanni. Yaron da aka gano da wuri ana fara ba shi maganin kariya daga cututtuka, a kammala masa rigakafi, a kwantar da shi cikin gidan sauro, a riƙa ba shi ruwa sosai. Zazzaɓi ko kumburin yatsun hannu da ƙafa kuwa, a kai shi asibiti a ranar, kada a kwana.