Taya da Shokozoba: Inda Masu Keken Dutse Suke Zubar da Riyal a Banza

Wanda ya fara hawan keken dutse a duwatsun Ɗa'ifa, ko a gangaren Shafa, ko a kwaruruwan gefen Riyad, da ya sauko hannuwansa suna tsami magana ɗaya yake yi: fok ɗin nan, wato shokozobar ƙafar gaba, ba shi da kyau. Kafin mako ya zagayo ya fara leƙen farashin fok na kamfanonin Fox da RockShox a waya. A ganina nan ne kuskuren farko, kuma shi ya fi cin kuɗi. A ƙasa irin ta Hijaz, mai dutse da tsakuwa da ƙaya, taya ce ke kan gaba. Bayanta sai saita shokozobar da kake da ita, sayen sabuwa shi ne na ƙarshe.

Yawancin masu sayen taya haƙoranta suke kallo, su ga manya ne, su ce wannan za ta kama ƙasa. Ba sa taɓa gefenta, alhali gefen ne ke mutuwa a nan. Baƙin dutsen aman wuta na kewayen Madina, wanda ake kira harra, da duwatsun Sarawat masu kaifi ba sa jiran haƙori ya cinye, gefe suke tsagawa tayar tana sabuwa fil. Kamfanoni suna rubuta kaurin fatar a jikin tayar. A Maxxis, EXO ita ce marar nauyi, EXO+ ta ɗan fi ta, DoubleDown ninki biyu ce. A Schwalbe akwai Super Trail, sama da ita Super Gravity. Ƙafar baya ce ke ɗaukar nauyin mutum, ita ke shan dukan dutse, don haka ita za a ba mai kauri. Idan kai mai jiki ne, ko kana son gudu a gangare, sa DoubleDown ko makamanciyarta a baya, ka bar EXO+ a gaba. Za ka ji nauyin a wajen hawa, babu musu. Amma wanda ya taɓa tura keke da ƙafa cikin zafin ranar Makka saboda tsagaggen gefe ba zai yi jayayya a kan gram ɗari biyu ba.

Sai kuma kwaikwayon bidiyo. Samarinmu suna kallon masu hawa a dazukan Kanada da Ingila, inda ƙasa take jiƙe, saiwoyi suna santsi, sai su nemi irin tayarsu. Taya mai dogayen haƙora a warwatse, irin Shorty, an yi ta ne don ta nutse cikin laka. A kan falalen dutse haƙoran lanƙwashewa suke yi, keken ya riƙa rawa a kwana. Haka roba mai laushi ƙwarai, irin MaxxGrip: tana kama dutse da kyau, amma a ƙafar baya, cikin zafi, musamman idan sai ka bi kwalta kafin ka isa daji, ba ta daɗewa. Ka sa mai laushin a gaba, inda zamewa ke nufin faɗuwa, ka sa mai ɗan tauri irin MaxxTerra a baya. Minion DHF a gaba da Aggressor ko Dissector a baya haɗi ne da ya dace da busasshiyar ƙasa. Mutanen Abha da Suda, inda ake samun hazo da ruwan sama, su ne kaɗai ke da uzurin tunanin laka.

Babu abin da ya kai cire tif amfani a ƙasar nan. Itatuwan kwari yawancinsu dangin bagaruwa ne da farar ƙaya, ƙayarsu tana zube ƙarƙashin yashi ba ka ganinta. Mai tif zai yi faci ya gaji. Tayar tubles, wato marar tif, da ruwan faci a cikinta, ƙaya na shiga ruwan na toshe ramin, sau da yawa ba za ka ma sani ba sai ka dawo gida ka ga ɗan ɗigon fari a jikin robar. Kuskuren da ake yi bayan nan shi ne a zuba ruwan sau ɗaya a manta. Masu yin sa suna cewa yana kai wata biyu zuwa shida, gwargwadon yanayi, kuma yanayinmu na gefen wata biyun ne. Keken da ake ajiyewa a saman bene ko cikin mota a rana ya fi saurin busar da shi. Cire ƙafar ka girgiza ta kusa da kunnenka. Idan ba ka ji motsin ruwa ba, abin da ke ciki ya zama dunƙulen roba, sai a ƙara. Kuma ko da tubles, kada ka fita babu tif ɗaya a jaka da igiyar toshe rami, don ruwan ba ya ɗinke tsaga.

Yanzu batun iska, wanda kyauta ne amma kusan kowa ya ɓata shi. Mutum ya tsaya a banshar, wato shagon faci, mai shago ya ɗauko tiyon mota ya ce, "Nawa zan sa, Malam?" Sai a duba lambar da ke gefen taya, a ga psi (ma'aunin matsin iska) 50 ko 60, a cika. Wannan lambar iyaka ce, ba shawara ba. Tayar da aka cika haka tsalle take yi a kan kowace tsakuwa, hannu ya yi tsami, birki ya ƙi kamawa, sannan a ɗora wa fok laifi. Ga mai nauyin kilo 70 zuwa 80, a kan taya tubles mai faɗin inci 2.4, wajen psi 22 zuwa 24 a gaba da 25 zuwa 28 a baya wuri ne mai kyau na farawa. Idan ka ji rim yana bugun dutse, ƙara psi biyu. Idan taya tana lanƙwashewa a kwana, ƙara. Idan keken yana tsalle, rage. Matsa taya da yatsa ba awo ba ne, ka sayi ɗan ma'aunin iska na hannu.

Akwai wani abu da ya shafi mutanen Jidda da Makka musamman. Ɗa'ifa tana sama da teku da kusan mita 1,900, Shafa ta fi haka. Matsin iskar sararin can ya gaza na bakin teku da kusan psi uku, saboda haka tayar da ka auna a Jidda za ta nuna sama da abin da ka sa idan ka haura ta Hada, ko da sanyin can ya ɗan rage wani abu. A tayar mota wannan ba komai ba ne, a tayar da ke aiki da psi 23 kuwa ana jin sa. Ka auna a inda za ka fara hawa.

Faɗin taya kuma sai ya dace da rim. Inci 2.4 ko 2.5 yana son rim mai faɗin ciki wajen milimita 30. Ka ɗora 2.6 a kan siririn rim na milimita 21, tayar ta yi tulu, ta riƙa kwanciya. Ka duba ma ko za ta wuce tsakanin ƙarafan baya ba tare da goga ba.

To, shokozoba. Da yawa daga cikin waɗanda ke kuka da fok ba su taɓa saita shi ba tun ranar da aka ɗauko keken daga shago. Aikin minti goma ne. Ka nemi ɗan famfon shokozoba, wanda ke kai psi 300, don famfon taya ba ya yin wannan aiki. Ka sa kayanka cikakku: hular kwano, takalmi, da jakar ruwa a cike, domin lita uku kilo uku ne, kuma a nan ba a fita da ƙasa da haka a lokacin zafi. Wani ya riƙe maka kan keken, ka hau, ka ɗan girgiza, ka tsaya yadda kake tsayawa a gangare. A tura ɗan zoben robar da ke jikin sandar fok ƙasa har ya taɓa baki, ka sauka a hankali ba tare da dannawa ba, a auna tazarar da zoben ya yi. A gaba ana neman kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na tafiyar fok (iya nisan da yake nutsewa), wato milimita 21 zuwa 28 a fok mai tafiyar milimita 140. A baya kashi 25 zuwa 30, wato wajen milimita 14 zuwa 16 a shokozoba mai tafiyar 55. Idan nutsewar ta yi yawa ƙara iska, idan ta yi kaɗan rage.

Daga nan sai jan maɓallin nan da ke ƙasan fok, mai kula da saurin dawowa. Masu tsoron tsalle suna murɗa shi har ƙarshe, fok ya riƙa dawowa a hankali. A kan duwatsu masu bin juna, kafin ya miƙe daga bugu na farko na biyu ya same shi, a haka zai yi ta nutsewa har ya ƙage, mai keke ya ce ya yi tauri, ya rage iska, abin ya ƙara lalacewa. Danna kan keken da ƙarfi ka saki. Ya kamata ya dawo da sauri amma kada taya ta tashi daga ƙasa. Kana canza abu ɗaya, ka gwada a gangare ɗaya, ka rubuta lambar a waya. Idan nutsewa ta yi daidai amma fok yana kaiwa ƙarshe da ƙara a kowane ɗan tsalle, ba iska za ka ƙara ba, akwai 'yan robobin da ake sakawa a ɗakin iska don su ƙara masa tauri a ƙarshen tafiya, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Idan duk an yi wannan kuma fok ɗin na sifirin ne marar saiti, irin wanda ke zuwa da kekuna masu araha, to canji ya halatta. Sai dai a nan ma ana tafka ɓarna. Wani zai cire mai 120 ya ɗora mai 160, a zatonsa yawan tafiya shi ne inganci. Kowane ƙarin milimita 20 yana kwantar da kan keke da kusan digiri ɗaya, yana ɗaga tsakiyarsa, ƙafar gaba ta riƙa tashi a hawa, wuyan firam ya ɗauki nauyin da ba a gina shi dominsa ba, garanti kuma ya tafi. Ƙarin milimita 10, iyaka 20 idan kamfanin keken ya yarda, ya wadatar. Fok mai kyau na 130 ya fi marar kyau na 160 nesa ba kusa ba.

Kafin ka biya, musamman kayan hannu a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, sai ka tabbatar zai shiga. Girman ƙafa, inci 27.5 ne ko 29? Aksul ɗin irin Boost ne mai kaurin milimita 15 da faɗin 110, ko tsohon mai 15 da 100, ko siririn nan na milimita 9? Wuyan fok mai faɗi ne a ƙasa, inci 1.5, ko miƙaƙƙe ne 1 da 1/8? Kuma tsawon wuyan, domin mai shi ya riga ya yanke shi daidai kekensa, idan ya gaza wa naka ba a ƙara shi. Ka bi sandunan da farce, duk ƙarzar da farce ya kama za ta ci robar baki ta riƙa zubar da mai. Shokozobar baya ta fi tsanani: lambobi biyu ne, tsawo da tafiya, kamar milimita 210 da 55, kuma sai sun zo daidai da abin da aka rubuta wa firam ɗin. Idan tafiyar ta wuce, taya ko ƙarfe zai bugi firam. Mai son komawa shokozobar sifirin maimakon ta iska ya fara tambaya ko firam ɗinsa ya dace da ita, ba kowanne ba ne.

Sannan ƙura. RockShox ta ce a buɗe ƙasan fok a canza mai bayan awa 50 na hawa, a yi babban gyara a awa 200. Fox ta ce awa 125 ko shekara guda. Da ƙurarmu mai laushi, gara a gaggauta. Fok da yawa da ake cewa sun mutu, mai ne kawai ya bushe a cikinsu. Kada ka kai keke wurin wankin mota a harba masa ruwa mai ƙarfi a bakin robobin, yana tura ƙasa ciki ne. Kada kuma ka fesa WD-40 a sandunan. Tsumma mai tsabta bayan kowace fita ya isa, sannan ka kifa keken na 'yan mintuna kafin ka hau, man da ke ƙasa ya gangaro ya jiƙa soson da ke bakin fok ɗin.