Yadda mai gida zai ƙi sabunta wa ɗan haya mai wuyar sha'ani yarjejeniya ba tare da ya saɓa doka ba

Abin da ya kamata mai gida ya fara fahimta shi ne cewa ƙin sabunta yarjejeniyar haya daban, korar ɗan haya kafin wa'adinsa ya cika kuma daban. Idan an rubuta yarjejeniya ta shekara ɗaya, ƙasashe da yawa suna ɗaukar cewa ta ƙare da kanta ranar da aka ƙayyade, kuma ba dole ba ne mai gida ya sake shiga wata sabuwa da mutumin da ya gaji da halinsa. Sai dai wannan haƙƙi yana tafiya da sharuɗɗa, kuma wasu daga cikin masu gidajen da suka sha kaye a kotu suna da gaskiya a kan halin ɗan hayar, hanyar da suka bi ce ta kayar da su.

Ka fara da ɗauko takardar yarjejeniyar ka karanta ta daga farko har ƙarshe, ko da kai ne ka sa aka rubuta ta. Ka duba ko akwai sharaɗin da ya ce za ta sabunta da kanta idan babu wanda ya yi magana kafin wasu kwanaki, ko wanda ya ba ɗan haya zaɓin ƙara wa'adi, domin irin wannan layi guda ɗaya yana iya ɗaure ka na wata shekara cur.

Daga nan sai ka nemi sanin dokar wurin da gidan yake, domin a nan ne bambanci ya fi yawa. A Faransa, dokar 1989 ta wajabta wa mai gidan da babu kayan ɗaki a cikinsa ya ba da sanarwar wata shida, kuma ba zai ƙi sabuntawa ba sai don zai sayar da gidan, ko zai zauna a ciki shi ko wani danginsa na kusa, ko don wani dalili mai ƙarfi kamar yawan jinkirin biyan kuɗi. A Jamus ma sai mai gida ya nuna dalilin da doka ta yarda da shi, kuma wa'adin sanarwa yana tashi daga wata uku zuwa shida bayan shekara biyar, sannan tara bayan shekara takwas. A Amurka jihohi da yawa ba sa neman dalili, amma Kalifoniya ta kafa doka a 2019 wadda ta hana fitar da galibin 'yan hayan da suka cika wata goma sha biyu ba tare da dalilin da doka ta lissafa ba. A ganina, ɗan kuɗin da za a biya lauya ya duba wannan batu bai kai asarar da takardar sanarwa mai kuskure take jawowa ba.

Ko a inda ba a neman dalili, akwai dalilan da aka haramta. Dokar gidaje ta Amurka ta 1968 ta hana nuna bambanci saboda launin fata ko addini ko asalin ƙasa, aka ƙara jinsi a 1974, sannan naƙasa da zama da yara a 1988. Haka kuma kotuna a wurare da dama suna kallon ƙin sabuntawa a matsayin ramuwar gayya idan ya zo jim kaɗan bayan ɗan haya ya kai ƙarar cewa rufin ɗaki yana yoyo ko wayoyin wuta sun lalace. Saboda haka ka tambayi kanka tsakani da Allah ko mutumin nan mai fitina ne, ko kuwa yana neman gyaran da dama haƙƙinsa ne.

Idan ka tabbatar fitina ce, sai ka tara hujja, kuma wannan shi ne aikin da ya fi cancantar haƙurinka. Kalmar "mai wuyar sha'ani" ba ta da nauyi a gaban alƙali, abin da yake da nauyi shi ne littafin da ka rubuta cewa kuɗin watan kaza ya zo bayan kwana goma sha takwas, da kwafin rasit mai ɗauke da ranar, da hoton ƙofar banɗaki da aka ɓalle, da saƙon da maƙwabci ya turo da ƙarfe biyu na dare yana kukan hayaniya. Duk gargaɗin da ka yi da baki, ka bi shi da rubutacce a ranar, ka ajiye kwafi. Wanda bai saba wannan ba yakan ga kamar ƙeta ce, alhali ita ce take kare kowane ɓangare daga mantuwa da ƙari.

Takardar sanarwar kanta ta zama gajera: sunan ɗan haya, adireshin gidan, ranar da wa'adi zai cika, bayanin cewa ba za a sabunta ba, da dalili idan doka ta nema. Kada ka zuba fushinka a cikinta, domin duk kalmar zagi ko barazana za a iya karanta ta a kotu. Ka isar da ita ta hanyar da za ta bar shaida, kamar wasiƙa mai rajista ko hannu da hannu a gaban shaida tare da sa hannun karɓa, kuma ka ƙara wasu kwanaki a kan mafi ƙarancin wa'adi don gudun saɓani a lissafi.

Akwai wani tarko da mutane suke yawan faɗawa: karɓar kuɗin haya na bayan ranar ƙarewar yarjejeniya. A dokokin wurare da yawa, wannan karɓa tana iya zama amincewa da sabuwar haya ta wata-wata, sai ka koma farko.

Idan ranar ta zo ya ƙi fita, kada ka canza makulli, kada ka yanke ruwa ko wuta, kada ka fitar da kayansa waje. A Ingila dokar 1977 ta ɗauki irin wannan kora a matsayin laifin da ake hukunta mutum a kansa, kuma a wurare da dama ɗan haya yana iya neman diyya. Ka shigar da ƙara, ka jira umarnin kotu, ka bar ma'aikatanta su aiwatar.

Idan kuwa ya amince zai tashi, ku zaga gidan tare da takardar lissafin kayan da aka rubuta ranar shigarsa, ku ɗauki hotuna, ku rubuta lambar mitar wuta da ta ruwa. Daga kuɗin ajiyarsa ka cire kuɗin ɓarnar da ya yi kawai, ban da tsufan fenti da abin da zama ya cinye, ka rubuta masa lissafin dalla-dalla, ka mayar masa da ragowar cikin kwanakin da doka ta tsara, sannan ku biyu ku sa hannu a takardar miƙa makullai.