Kafin ka zargi lasifika, duba akwatin

Shekara huɗu akwatin lasifikar jitar bes ɗin nan ya yi a ɗakin ajiyar wani abokin yayana a Kaduna, tun da ƙungiyar kiɗansu ta watse. Lasifika ɗaya ce a ciki, mai inci 15, da ramin fitar iska daga ƙasa. Ranar da na ɗauko shi, kafet ɗin jikinsa duk ya tsattsage, kusurwa ɗaya ta sha ruwan damina ta kumbura. Da na jona jitar bes na taɓa babbar tsirkiya, sai ya kama karkarwa kamar an saka cokali a kwanon sha. Duk wanda ya ji sai ya ce lasifikar ta mutu, in nemi sabuwa. Ashe lafiyarta ƙalau. Katako ne ke kuka, kuma a tsofaffin akwatunan da na taɓa buɗewa, galibi can matsalar take.

Ka tanadi sukudireba, mitar masu gyaran rediyo, batir mai bolt 9, farin gam na kafintoci, gam mai wari na masu kujeru, sanfefa, dalma da ƙarfen narka ta, sai tocila.

Kwantar da akwatin rigingine kafin ka kwance komai. In yana tsaye ka cire noti na ƙarshe, nauyin maganaɗisu zai fizgo lasifikar ta faɗo maka a ƙafa. Cire ragar gaba, sannan ka riƙa kare takardar lasifika da tafin hannu ɗaya yayin da kake kwance notuna, don sukudireba in ta zame takardar take nufa. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka zare su. Ajiye lasifikar nesa da inda za ka yi aiki, ka rufa mata tsumma, domin maganaɗisu na jawo ɓurɓushin ƙarfe.

Gwajinta ba ya cin minti biyar. Baza yatsunka kewaye da tsakiyar takardar, ka danna a hankali, ko'ina daidai. In ta shiga ta fito shiru, madalla. In ka ji ƙarar gogayya kamar yashi, koyil, wato naɗin siririyar wayar da ke bayan takardar, na gugar jikin maganaɗisu, ko datti ya shiga ko zafi ya lanƙwasa shi. Sai mita: lasifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar da waya ke yi wa wuta) takan nuna wajen 5 da rabi zuwa 6 da rabi, mai om 4 kuma wajen 3. Kada ganin adadin ƙasa da abin da aka rubuta ya tsorata ka, haka yake. In mitar ba ta motsa ba sam, koyil ya tsinke. Tawa ta nuna 6.1. Daga nan ka taɓa batir a bakin wayoyin na ɗan lokaci kaɗan. In takardar ta turo waje, wayar da ke kan alamar tarawa ta batir ita ce ta tarawa. Yi mata alama da jan fenti. Ƙaramar yaga a takarda ana like ta da siririn ƙyalle da farin gam da aka ɗan sirka da ruwa, ta baya. Sauya takarda da koyil gaba ɗaya kuwa, shawarata ka kai wa wanda sana'arsa ke nan. Sai fa in Black Widow ce ta kamfanin Peavey, wadda aka ƙera yadda za ka kwance notuna uku a bayan maganaɗisu ka ɗora sabon kwando, wato ƙarfen da ke riƙe da takarda da koyil, da kanka.

Yanzu mu zo kan katako, inda na kwana uku. Babbar tsirkiyar bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa ɗaya, takarda mai inci 15 kuma tana tura iska da ƙarfi a kowace kaɗawa. Duk tsagar da ta samu, ko ta kai siririn zare, iskar za ta bi ta can tana fito, sautin ƙasa ya yi laushi. Shahararren akwatin kamfanin Ampeg mai lasifika takwas, wanda ya fito tare da amfilifayar SVT a 1969, an raba cikinsa ɗaki huɗu a toshe, lasifika biyu a kowane ɗaki.

Jira dare. Kunna tocila ka saka a cikin akwatin, rufe ramin lasifika da na iska da kwali, kashe fitilar ɗaki. Duk inda haske ya leƙo, zagaye shi da alli. Ni wuri biyar na samu, har da gefen mariƙi. Da safe ka bi kowane bango kana ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa. Bango mai lafiya amsawarsa gajera ce, wanda gam ya saki kuwa za ka ji yana amsawa sau biyu. A nawa, sandar da ke tokare bangon baya ce ta saki ta gefe ɗaya, ita ce cokalin nan da ke cikin kwano. Kankare tsohon gam sai ka ga farin katako, domin sabo ba ya kama tsoho. Shafa sabo, matse da noti, ka bar shi kwana guda cur. A lungunan ciki na ƙara siraran sanduna da gam. In da hunturu kake aikin, haɗa da sauri, iskar nan tana busar da fuskar gam tun kafin ka daidaita katako.

Kusurwar da ta kumbura ba ta gyaruwa in katakon na garin katako ne da aka matse. Yanke ta ka kai inda yake da ƙwari, ka sa filawud mai kaurin milimita 18. Duba gara ma. Abu guda da nake roƙonka: kada ka ƙara wa ramin iska faɗi ko ka rage tsawonsa. An auna shi ne da girman cikin akwatin da irin lasifikar.

Audugar ciki ɓeraye sun mai da ita gida, na kwashe na wanke cikin, na sa sabuwa irin ta masu kujerun kushin, na kafe ta a bango ba tare da ta toshe ramin iska ba.

Waya ka sa mai kauri, milimita 1.5 zuwa sama, ka kama ta da dalma. Na cire tsohon soket na sa Speakon, wanda ke kullewa ba ya zarewa a tsakiyar biki, na toshe gefensa da gam. Kada ka taɓa haɗa amfilifaya da akwati da igiyar jita, siririyar wayar cikinta ba ta ɗaukar wannan wuta. In za ka haɗa akwati biyu masu om 8 gefe da gefe, wato wayar tarawa da ta tarawa, ɗayar da ɗayar, sun zama om 4, sai ka duba bayan amfilifayarka ko ta yarda da hakan.

Sutura ce ƙarshe. Na ɓare kafet, na goge da sanfefa, na lulluɓe da baƙar leda irin ta kujerar mota, don kafet na tara ƙura da wari. Gam mai warin nan a tsakar gida ake shafa shi, nesa da murhu, a fuska biyu, a jira ya daina bin yatsa kafin a manna.

Wajen mayar da lasifika, shimfiɗa siririn soso a bakin ramin, ka ɗaure notuna ɗaya nan ɗaya can tsallake, yadda ake ɗaure tayar mota, kada ka ƙure su lokaci guda. Fara da ƙaramin sauti. Na sa ƙanena yana taɓa babbar tsirkiya, ni kuma ina bin gefuna da jiƙaƙƙen bayan hannu ina neman iska. Sai ga wata 'yar ƙara ta rage a gefen hagu. Notin ɗaya daga cikin tayoyin akwatin ne bai zauna ba, na ƙara masa wosha na ɗaure. Ranar Asabar ɗin nan muka ɗora shi a mota zuwa biki a Zariya.