Yadda Za Ka Zaɓi 'Yan Wasan All-Star Na Besbol Ba Tare Da Ka Zalunci Kowa Ba

Kowace shekara a tsakiyar watan Yuli, babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, kan tsaya na 'yan kwanaki domin wasan All-Star, inda zaratan ɓangarori biyu na gasar, American League da National League, ke karawa da juna. An fara shi ne ranar 6 ga Yuli, 1933, a filin Comiskey Park da ke Chicago, bisa shawarar Arch Ward, editan wasanni na jaridar Chicago Tribune, kuma tun a wasan farko aka ba 'yan kallo damar zaɓe. Yau ta intanet ake kaɗa ƙuri'ar, saboda haka mai bin gasar daga Kano ko Maraɗi yana da murya daidai da na New York. Abin ba na wasa ba ne ga 'yan wasan: da yawansu akwai ƙarin kuɗi a kwantiraginsu idan aka zaɓe su, kuma idan mutum ya yi ritaya ana lissafa sau nawa ya shiga All-Star wajen auna darajarsa.

Mataki na farko shi ne ka san iyakar ƙuri'arka. 'Yan kallo suna zaɓar waɗanda za su fara wasa ne kawai a kowane gurbi: mai cafke ƙwallo, masu tsaron tasha ta ɗaya da ta biyu da ta uku, mai tsaron tsakanin ta biyu da ta uku, mutum uku na bayan fili, da mai bugu wanda ba ya tsaro. Masu jifa da 'yan benci kuwa, 'yan wasa da ofishin kwamishinan gasar ne ke fitar da su, kuma doka ta ce kowace ƙungiya sai ta samu wakili ko da ɗaya ne. Don haka kada tausayin ƙaramar ƙungiya ya sa ka ba wanda bai cancanta ba ƙuri'a, an riga an tanadar mata kujera.

Na biyu, ka shiga shafin MLB idan an buɗe zaɓe a farkon Yuni, ka yi rajista da adireshin imel ɗinka guda ɗaya. Guda ɗaya na ce. A 'yan shekarun nan ana ba mutum damar zaɓe har sau biyar a rana a zagayen farko, wanda ya ishi duk mai son gwaninsa. Wanda ya buɗe imel goma don ya ninka wannan, aringizon ƙuri'a ya yi, ko da kuwa a ɗakinsa yake shi kaɗai.

Na uku, kuma nan ne gizo ke saƙar, kada ka yi sak. Shafin zai jero maka hotunan 'yan wasa gurbi-gurbi, kowa da hular ƙungiyarsa, hannu kuma yakan yi saurin zuwa kan hular da zuciya ke so. Tarihi ya nuna inda wannan ke kaiwa. A 1957 magoya bayan Cincinnati Reds sun yi wa akwatin zaɓe ruwan ƙuri'u, har wata jarida a birnin ta riƙa buga takardar zaɓe da aka riga aka cike da sunayen 'yan gida. 'Yan Reds bakwai suka lashe gurabe bakwai cikin takwas, Stan Musial na St. Louis ne kaɗai ya tsira. Kwamishina Ford Frick ya cire Gus Bell da Wally Post daga jerin masu farawa, ya sa Willie Mays da Hank Aaron. Ka duba fa, Mays da Aaron, biyu daga cikin mafi girman 'yan wasan da aka taɓa yi, sai da hukuma ta sa baki kafin su samu gurbinsu. Sakamakon haka aka ƙwace zaɓe daga hannun 'yan kallo baki ɗaya, ba a mayar musu ba sai 1970.

Intanet ba ta magance cutar ba. A 2015, shekarar da zaɓen ya koma intanet ɗungurungum, an kai lokacin da 'yan Kansas City Royals takwas ke kan gaba a American League, har da Omar Infante a tasha ta biyu, alhali yana cikin mafi rauni wajen bugu a gasar a lokacin. MLB ta ce ta soke ƙuri'u sama da miliyan 60 da ba ta yarda da su ba. A ƙarshe José Altuve ya wuce Infante, Royals ta tashi da mutum huɗu cikin masu farawa. A Japan ma, a 2003, an yi gangami ta intanet aka ɗora Kenjiro Kawasaki na Chunichi Dragons a kan gaba, mutumin da rauni ya hana shi wasa tsawon lokaci. Da kansa ya janye.

To da me za ka auna? Wannan shi ne mataki na huɗu, kuma yana buƙatar ɗan zama. Ka buɗe shafin alƙaluman besbol na Baseball-Reference ko na FanGraphs a gefe, ka ɗauki gurbi ɗaya, ka jera mutum uku ko huɗu da ke kan gaba. Alƙaluman da ido ke fara gani su ne na matsakaicin bugu: .300 na nufin cikin kowane gwaji goma mutum ya yi bugu mai kyau sau uku. Amma wannan kaɗai yana ruɗi. A ce wani yana da .300, sai dai yawancin bugunsa gajeru ne, ba ya kuma haƙurin barin ƙwallon da ta kauce ta wuce. Wani kuma yana da .260, amma yana yawan samun tafiya kyauta zuwa tasha ta ɗaya, idan ya daki ƙwallo kuma sai bayan katanga. Sau da yawa na biyun ya fi amfani ga ƙungiyarsa, kuma ma'aunin OPS, wanda ke haɗa yawan isa tasha da ƙarfin bugu, zai nuna maka haka. Sannan ka duba WAR, wanda ke ƙoƙarin haɗa bugu da gudu da tsaro a lamba ɗaya. Ba wahayi ba ne, musamman da yake wata biyu da 'yan kai kaɗai aka buga, amma yana hana ka manta mai tsaron da ke ceton ƙungiyarsa kullum ba tare da an yi masa tafi ba. Ga mai cafke ƙwallo da mai tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku, ni ina ba tsaro nauyi sosai.

Ka kuma lura da yawan wasannin da mutum ya buga. Wanda ya shafe rabin lokacin yana jinya bai kamata ya ture wanda ya fito kullum ba. Filin gida ma yana da tasiri: Coors Field na Denver yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, iska ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya da nisa, alƙaluman masu bugu sukan kumbura.

Na biyar shi ne batun tsofaffin taurari, inda ra'ayi ya rabu. Wasu na cewa wasan na nishaɗi ne, jama'a na da haƙƙin ganin wanda suke ƙauna, kuma suna da hujja: a 2001 Cal Ripken Jr., yana shekararsa ta ƙarshe, ya buga ƙwallo bayan katanga a Seattle aka ba shi kyautar gwarzon wasan. Amma a 1989 an zaɓi Mike Schmidt bayan ya riga ya yi ritaya a watan Mayu. A ganina, idan mutum biyu sun yi kusan kunnen doki, ba laifi ka fifita wanda ya daɗe yana yi. Idan tazarar a fili take, ka ba mai aikin bana haƙƙinsa. Kwamishina yana da ikon ƙara dattawan wasa a matsayin karramawa, kamar yadda aka yi wa Albert Pujols da Miguel Cabrera a 2022, don haka ba sai da ƙuri'arka za a girmama su ba.

Na ƙarshe, ka dawo zagaye na biyu. Tun 2019 aka raba zaɓen gida biyu, kuma a tsarin da ake bi tun 2022, wanda ya fi kowa ƙuri'a a kowane ɓangare yana samun gurbinsa kai tsaye, sauran guraben kuma mutum biyu-biyu ne ke fafatawa. Ana share ƙuri'un baya a fara daga sifili, zagayen kuma 'yan kwanaki ne kacal. Nan ne ƙungiyoyi masu tarin magoya baya kamar Dodgers da Yankees, ko Toronto Blue Jays da ke da Kanada gaba ɗaya a bayanta, suka fi nuna ƙarfi. Kafin ka latsa, ka sake buɗe alƙaluman mutum biyun, domin mako uku sun isa wanda ke baya ya wuce gaba.