Yadda Ake Canza Tiyon Birki na Motar Tsere

1. Bayan ka kwance tsohon tiyon (duba mataki na 2), tafi Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota a Legas, da shi a hannu, a gwada tsawo da zaren noti. Nemi mai saƙar ƙarfe a kan Teflon (wani irin filastik mai jure zafi). Na roba kan kumbura in birki ya ɗau zafi, sai feda ta yi laushi.
2. Ɗaga motar, tokare ta sosai, cire taya, sannan kwance tsohon tiyon.
3. Ɗaura sabon da sabbin wosha biyu na tagulla, tsofaffin yoyo suke yi. Kada tiyon ya murɗe. Juya sitiyari har ƙarshe, dama da hagu, ka tabbata bai goga taya ba.
4. Zuba man birki nau'in DOT 4 daga sabuwar kwalba. Laimar Legas na shiga buɗaɗɗen mai, ya riƙa tafasa da wuri.
5. Fitar da iska daga birkin, galibi a fara daga tayar da ta fi nisa da tukunyar man birki. Danne feda da ƙarfi, duba yoyo.